Firijin da na hana wuta

Da zafin bara ƙanena ya saka mini wasa a kwamfuta, inda mutum ke gina gida a daji, ya nemi abinci ko ya mutu. Na jera sola, na haɗa batura da janareto. Wayoyin sun isa su kai Argungu daga unguwar Badariya. Amma rana na faɗuwa sai in cire firiji, yadda muke yi a gida. Kifi ya ruɓe, mutumina na cikin wasan ya fara tangaɗi don yunwa.

Matata ta leƙo. "Malam, batirin wasa ma tausai nai kaka ji? Kunna mishi!"

Na kunna firiji da fanka uku. Mutumina ya rayu har ya yi tumbi, ni kuwa ina gumi ina ta dariya.