Filin da Na Auna da Hannuwana

Har yau idan na ga mutum ya zaro tef yana awon fili sai raina ya ɓaci, ko da filin ba nawa ba ne. Abin ya samo asali ne a shekarata ta biyu da fara koyarwa, a wata kwalejin horon malamai da ke gefen Birnin Kebbi, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Lissafi aka ɗauke ni in koyar, ku riƙe wannan don ku san girman abin kunyar. Sai aka ɗora mini kula da guje-guje da tsalle-tsalle, ba don na iya ba, don dai ni ne ƙaramin malami, kuma wani ya taɓa ganina na bi motar Ambursa da gudu na cim mata.

Filin da muke da shi yana bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, jigawa ce shimfiɗaɗɗiya cike da ƙarangiya. Malamin noma, wani mutumin Filato da ke zaune a unguwar Nasarawa da iyalinsa, ya daɗe yana roƙon a ba shi wurin ya shuka gero da ɗalibansa. Mutumin kirki ne, amma a lokacin ko gaisuwarsa haushi take ba ni. A taron malamai Firinsifal ya yanke magana, ya dube ni ya ce, "Malam, zance guda na. Ga gasar kwalejoji nan tahe Argungu kahin ruwa. In kunka kawo kohi, hili naku na. In ba ku kawo ba, a sa garma."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba kofi kaɗai ke nuna an yi aiki ba. Yaron da ya fara da tsallen ƙafa goma ya ƙare da goma sha biyar fa?"

Ya ce, "Wanga kai ka ganinai. Kohi bisa tebur aka aza shi, kowa shi gani."

To, shi ke nan, sai aiki. Abu na farko shi ne a fitar da zagayen gudu, yadi ɗari huɗu da arba'in. Na je sito, magajin sito ya ce tef ɗin kwaleji ya bi malamin da ya riga ni. Kowa ya san malamin noma yana da nasa, sabo fil, cikin jakar fata. Ni in je in ari tef a hannun mai jiran in faɗi? Ina! Na ce ai ni ɗan Ambursa ne, a gidanmu igiyar guga da zurfin rijiya da tsawon taru duk da gaba ake auna su, mutum ya buɗe hannuwansa biyu daga yatsa zuwa yatsa, ya ce ɗaya. Tun ina yaro kuma na ji ana cewa gaba ɗaya yadi biyu ne. Na sayo igiyar rama a kasuwa, na buɗe hannuwana sau goma, na ƙulla. Muka ja ta sau ashirin da biyu muka zagayo, muka zuba tokar kicin a kan layi. Wallahi da na tsaya na dubi farin zanen nan sai da na ji kamar na gina gida.

Wata huɗu muna kan filin nan kullum bayan la'asar. Yara ashirin da 'yan kai, mafi yawansu ba takalmi, a gama gudu a zauna ana cire ƙarangiya. Muryata ta dushe, usur ya yi mini kanta a leɓe. Ina da agogon awon gudu guda ɗaya da littafi mai baƙin bango, duk wanda ya yi gudu sai na rubuta lokacinsa. Da ma'aikatar ilimi ta aiko da takardar lokutan waɗanda suka ci gasar bara, na jera su kusa da namu, sai da na tashi tsaye. Yarana sun wuce su, ba kuma da kaɗan ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki wani dogon saurayi ne ɗan Gulma, ɗan ajin ƙarshe, mai gudun mil, wato zagaye huɗu. Ba ya magana, gudu kawai. Na kira shi gefe na nuna masa lambobin, na ce duk faɗin jihar nan babu na biyunsa. Da bakina na faɗa masa, ba wanda ya sa ni. Hutu ya zo ya ƙi zuwa gida, ya aika wa mahaifinsa cewa a yi haƙuri da aikin albasa bana, malaminsa ya ce za a kai shi Sakkwato. Ni kuwa a ɗakin malamai baki ya buɗe, har nakan tambayi malamin noma ko ya fara neman wata gonar.

Ranar gasa muka cika a-kori-kura biyu muka nufi Argungu. Muna isa na dubi filinsu na ce a raina, kai, mutanen nan sun cika son girma, wane irin zagaye ne wannan kamar za a yi sukuwa? Ban kawo komai ba.

Masu tsalle suka yi daidai abin da na sani, ɗayansu ya zo na uku, domin su da rular allo nake auna musu. Da aka zo gudu sai abu ya lalace. Gajeren gudu muka sha kashi, gudun miƙa sanda muka zo na ƙarshe, yarana suna isowa layi kamar an ɗora musu buhun shinkafa. Na yi ta zaginsu, na ce tuwon da suka cika ciki da shi ne. Allah ya yafe mini.

Aka kira 'yan mil. Ɗan Gulma ya fita kamar yadda ya saba, ya ba su rata tun zagayen farko. Zagaye na uku jama'a suka tashi suna ihu, ni ma ina ihu da agogo a hannu. Ya shiga na huɗu, ya kai rabi, sai na ga ƙafafunsa sun fara harɗewa. Na dubi agogo, ya nuna daidai lokacin da yake gama mil a filinmu. Yaron ya gama gudun da na koya masa, ga kuma rabin zagaye a gabansa. Mutum huɗu suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya yana jan jiki. Da ya tsallake layi ya faɗi ƙasa, ko dubana bai yi ba.

Washegari na haɗiye girman kaina na je na ari tef ɗin. Malamin noma ya ce bari ya riƙe mini ɗaya bakin. Muka zagaye filin, ya gaza da fiye da yadi hamsin. Muka sake, haka dai. Sai ya miƙe tef ɗin a ƙirjina ya ce, "Buɗe hannunka, Malam." Na buɗe. Ni gajeren mutum ne, duk Ambursa an san haka, ni ma na sani. Yadi biyun da ake faɗa na dogayen masu haƙar rijiya ne. A kasuwa ba a damu ba, mai saye yana tsaye yana ganin hannun da ke auna masa. Ga rula mai yadi ɗaya rataye a kowane aji, wata huɗu ina wuce ta, ban taɓa ɗauka na gwada igiyar nan ba. Tir!

Ya naɗe tef ɗinsa ya ce, "Ni ban ga komai ba." Wannan kirkin nasa ya fi zagi ciwo.

Firinsifal ya aiko kirana. Na tarar da littafina mai baƙin bango a buɗe a gabansa, fuskarsa a sake. Ya ce, "Na duba aikinku, Malam. Yaran ga sun yi gudu, rana ta dai ta ɓace musu. Kai ad da gaskiya, ba kohi kaɗai na ba. Zan aika lambobin ga Sakkwato su gwada yaron nan na Gulma, hili kuma ku riƙe shi shekara guda."

Kun ji fa. Hujjar da na yi ta haƙilo a kanta an karɓa, an karɓe ta a kan lambobin ƙarya. Da na yi shiru da fili ya tsira. Amma na hango yaron nan a Sakkwato, gaban manya, ƙafafunsa na sake harɗewa a rabin zagaye na huɗu. Na faɗa masa komai, har da igiyar. Ya rufe littafin ya turo mini shi da ɗan yatsa, ya ce, "Kuma kai ka koyar da lissahi."

Ruwan farko na sauka aka kawo shanu biyu da garma. Ina tsaye a gindin darbejiya ina kallo ɗan Gulma ya zo ya tsaya kusa da ni. Labari ya riga ya bazu, ɗalibai har sun laƙaba mini suna. Na buɗe masa littafin da sauri, na nuna masa shafin farko da na ƙarshe, na ce ko filin gajere ne ai fili guda ne, raguwar da lokacinsa ya yi daga fari zuwa ƙarshe gaskiya ne, guminsa ne, ba wanda zai ƙwace masa.

Bai dubi littafin ba. Ya ce, "Ba shi yak kawo ni ba, Malam. Baba ya ce in gaya mai. Ni mai gudu na, ko ko a'a?"

Ban sani ba, kuma wurin da zan gwada shi in sani ga shi can ana kifar da shi kunya-kunya. Ya jira ni har ya gaji, ya ce, "To, Malam," ya tafi. A shekarar ya gama, aka tura shi koyarwa wata firamare a ƙauye, kuma har ya bar hannuna ban taɓa auna shi a cikakken mil ba.