Tamar a Bakin Iyakar Maraɗi

Tamar Kumai ta daɗe tana kai busasshiyar citta daga Kafanchan zuwa Maraɗi, ta dawo da albasa da dabino. Mijinta Abednego, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya fara ƙarfafa mata gwiwa. Ya ce mata ƙasashen Afirka ta Yamma sun miƙa wa ƙungiyar ECOWAS wani ɓangare na ikonsu, don talaka ya ƙetare iyaka ba tsangwama. Ita dai ta san hanya a buɗe take, kuma da wannan fataucin 'ya'yanta suka yi makaranta.

A daminar 2023 ta bar Abednego yana fama da hawan jini. Ba ta so tafiyar ba, amma cuta ta fara cin cittar gonaki, sauran ta bara ce kaɗai ke hannunsu.

"Ki je, Maman Martha," in ji shi. "Ba yau na fara ciwon nan ba."

Tana Maraɗi sojoji suka kifar da gwamnatin Nijar. Shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, suka ce a rufe iyaka. Ana cikin haka 'yarta Martha ta bugo waya tana kuka: Baba ya faɗi, ba ya magana.

Tamar ta watsar da buhunanta ta nufi iyaka. Ta durƙusa gaban wani jami'i.

"Ɗana, mijina na kwance. Ni 'yar Najeriya ce, gida kawai za ni."

"Mama, tashi don Allah. Ba ni na rufe ba. Umarni ne daga sama."

"To wa zan roƙa?"

Ya kawar da kai.

Daga baya wani ɗan acaɓa ya bi da ita ta gonakin gero cikin laka, ya sauke ta a ƙasar Katsina. Da ta iso Kafanchan, sai ta tarar da matan zumunta na cocinsu suna wanke tukwane a tsakar gidanta. Tun jiya aka binne Abednego a ƙauyensu kusa da Zonkwa, don dangi sun ce ba a san ranar zuwanta ba.

An buɗe iyakar bayan watanni. Hajiya Rabi, abokiyar cinikinta ta Maraɗi, takan kira ta ce an yi kewarta. Tamar takan ce tana nan tafe. Yanzu gasasshiyar masara take sayarwa a ƙofar gida, tana renon jikoki.