Jakin da ya mutu a tsakar gidanmu

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar Malam, maigidana. Ban iya rubutu ba. Jikata ce ke rubuta abin da nake faɗa, tana jira na idan kuka ya tare ni.

Zamanin soja, da kuɗin mai suka shigo, manyan motoci suka cika hanya, Malam ya ga yaranmu ba za su san fatauci irin na mahaifinsa ba. Sai ya ƙirƙiro musu wasa. Bayan la'asar yakan zana hanya da tsinke a tsakar gidanmu na Ƙofar Rini, daga Sakkwato har ƙasar goro. Wannan madugu, wannan mai gishiri, kowa da jakinsa. Shi yana ba da labari, su suna zaɓen abin yi, a watsa ƙwallayen dabino a ga yadda ta kaya.

Dokarsa da tsauri. Wanda jakinsa ya mutu ya fita wasa. Ya ce haka hanya take, ba zai yi wa yara ƙarya ba. Kwana uku a jere jakin autarmu Hadiza yana mutuwa a bakin kogi. Ta daina zuwa, ta dawo gindin murhu wurina tana leƙensu.

Na ce, "Malam, ɗiyarka ta bar wasan."

Ya ce, "To in ce mata jaki ba ya mutuwa?"

Na ce, "Faɗa mata gaskiyar mana, in ka samo gaskiyar."

Kwana biyu bai zana komai ba. Rana ta uku ya kira ta da kansa. Jaki dai zai mutu, wannan bai janye ba. Amma ayari zai tsaya, kowa ya ɗauki wani abu cikin kayan mai shi, a ci gaba tare. Ya ce mahaifinsa ya taɓa ba shi labarin haka. Har yau ban sani ba ko tunawa ya yi ko ƙagawa.

Yanzu jikokinsa a waya suke wasa, a kashe mutum ya miƙe nan take. Da yana nan zai yi tsaki, sannan ya matso ya tambayi dokar.

An shafe tsakar gidan da siminti, babu wanda ya riƙe dokokin duka. Abin da ya rage mini shi ne mutumin da ban taɓa ganin ya sauya magana a kasuwa ba, ya sauya ta don yarinya 'yar shekara shida ta dawo kusa da shi. Allah ya jiƙanka, Malam.