Katin da Bai Kamata In Nuna Ba

Cikin duk shekarun da na yi a ɗakin karatu na Potiskum, ranar da Malam Bukar ya dawo da wani littafin Turanci ba ta taɓa fita daga raina ba. Farkon shekarun saba'in ne, ina ƙaramin akawu.

Ku na yanzu ba ku san kati ba. Kowane littafi yana da aljihu a cikin bangonsa, da kati a ciki. In mutum ya ara, ni nake rubuta sunansa, in ajiye katin a akwati. In kuma wani ya yi ƙorafi a rubuce, sai a janye littafin a kulle shi.

Malam Bukar malamin firamare ne daga unguwar Yindiski, mutum mai tsare gida. Ya ajiye littafin a gabana da yatsa biyu.

"Malam Sale, ka san abin da ke cikin nan?"

Na ce ban karanta ba. Gaskiya na faɗa, ni ƙura nake kakkaɓewa.

"Abokai biyu ne. Ɗaya ya gaya wa ɗaya cewa shi maza yake so. Wa'iyazubillahi. Ba ni takarda in rubuta a janye shi, ka kuma goge sunana."

Na miƙa masa takarda. Ya riƙe alƙalami, bai rubuta ba.

"Amma abokin nan da aka gaya wa bai kyauta ba," in ji shi a hankali. "Shekara ashirin suna tare, ya daina ko amsa masa sallama. Da na zo wurin, sai da na rufe littafin."

Na ciro katin don in goge, na shimfiɗa shi a gabansa. Nan na yi kuskure. A saman sunansa akwai sunan Idi, ma'aikacin asibiti, har sau uku.

Duk garin an san Idi da Malam Bukar. Tare suke zuwa kasuwa hannu cikin hannu, yadda aminai suke yi. Da aka fara tsegumi a kan Idi, Malam Bukar ya janye jiki, Idi kuwa ya nemi canjin wurin aiki ya tafi.

Malam Bukar ya daɗe yana kallon katin. Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni.

"Har yanzu ban yarda da abin da ke cikin littafin ba," ya ce. Ya maido min takardar ba ko harafi. "Bar sunan. Ina aka ce an mayar da Idi?"

Na gaya masa. Ko ya je, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Abin da na koya shi ne katin nan amana ce. Idi bai ba ni izinin nuna sunansa ba, ko ga amininsa. Daga ranar har na yi ritaya, ban sake ciro kati a gaban mutum ba sai tafin hannuna yana kan sunayen.