Hannun Abba da Ƙwaya Mai Nauyi

A shekarar da na kammala jami'a Abba ya sayi bindigar wasa, irin mai harba ƙananan ƙwayoyin roba farare. Umma ta yi ta yi masa tsiya, wai likitan haƙori mai furfura ya koma yaro. Shi kuwa sai ya ce abin da ke hutar masa da kai ke nan.

Duk Juma'a bayan la'asar mukan tafi istirahar da muke haya da wasu iyalai a bayan gari, fili ne mai katanga da 'yan bishiyoyin dabino. Yakan jingina kwali a jikin katangar, mu sa tabarau na kariya, ya yi ta harbi. Ni ce mai zuwa duba kwalin. Ramukan a warwatse suke, kamar tsabar da aka watsa wa tantabaru.

"Iska ce, Mamana," haka yake cewa, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Ƙwayar ba ta da nauyi."

Ina amsa masa da to. Amma na riga na ga kofin shayi yana 'yar ƙara a kan faranti idan ya ɗauka da hannun dama. Na ga yana ɓoye hannun a aljihun jallabiya idan an yi baƙi. Aikinsa a hannun nan yake, iƙamarmu kuma, wato takardar izinin zamanmu a ƙasar Larabawan nan, a jikin aikin take. Idan hannun ya tafi, sai filin jirgi, mu koma ƙasarmu. Ba wanda ya taɓa furta wannan a gidanmu.

Sai ya sayo ƙwayoyi masu nauyi. Abin ya ƙara lalacewa, suna faɗuwa ƙasa tun kafin su kai katanga.

Ni na zauna na yi bincike. Ashe a gindin bututun bindigar akwai wata 'yar roba da ke shafar ƙwaya ta sa ta juyawa, juyin ne ke riƙe ta a iska. Robar da ta zo da bindigar ba ta iya juya mai nauyi. Sai an sauya ta, a sa siririn bututu wanda ƙwayar ba za ta yi ta lilo a ciki ba. Na daɗe da sanin wannan ban faɗa ba. Muddin bindigar na da aibi, akwai inda za mu jingina laifi.

Shi ya tsare ni wata safiya. "Kin gano, ko? Fuskarki ba ta iya ɓoyo."

Na faɗa masa, muka aika a kawo sabuwar roba da bututun. Da kayan suka iso muka shimfiɗa farin zane a teburin cin abinci. Ya kwance bindigar, ya jera ƙananan kusoshin a tiren shayi kamar yadda yake jera kayan aikinsa. Da aka zo sa robar, wadda ba ta kai gaɓar yatsa ba, ya gwada ta subuce. Ya sake, ta sake subucewa. Sai ya miƙo mini.

"Yalla, karɓi, idonki ya fi nawa."

Ba ido ba ne, mu duka mun sani. Na zura ta a hankali, ina jin numfashinsa a gefen kunnena.

Juma'ar nan iska ta kwanta, ko ganyen dabino ba ya motsi. Na so ta taso. Ya ɗora bindigar a kan matashi, ya daidaita ta, ya harba. Na je na duba: ramukan sun taru wuri guda, zan iya rufe su da tafin hannuna.

"Bindiga ta gyaru," na ce.

Ya sa sabon kwali, ya miƙe tsaye, ya ɗauke ta a hannu. Na juya baya ina kallon dabino, ina jin ƙarar kowace ƙwaya a ƙirjina. Wannan karon bai aike ni ba, da kansa ya taka har katanga. Ya daɗe tsaye. Daga inda nake ina hango ramukan, sun ja zuwa dama, a warwatse.

Ya dawo ya cire tabarau, ya zauna kusa da ni a kan darduma.

"Halas, shi ke nan, Mamana. Ranar Lahadi za ki raka ni wurin likitan jijiya. Ummanki kuwa, ni zan faɗa mata da bakina."

Ya ɗora hannun a kan gwiwata, bai ɓoye shi ba. Na rufe shi da nawa, ina jin yana motsi a hankali kamar ɗan tsuntsu.