Ranar da Na Hana Ƙanena Gadon Asibiti

Ni ne ban kyauta ba. Na fara da wannan don kada wani ya karanta ya ɗora wa matar ƙanena laifi, kamar yadda na daɗe ina ɗora mata.

Shekarun baya, ƙanena ya kamu da taɓin hankali. Marini ne a Ƙofar Mata, gidanmu ɗaya a Koki, kowa da sashensa. Abin ya fara ne da ƙin cin abinci. Sai ya same ni a soro, ya rage murya ya ce, "Yaya, matar nan zuba min abu take yi a miya." Ni kuma da ban wuce firamare ba amma nake jin kaina mai hangen nesa, sai na yarda. Na shiga sa mata ido. In ta fita unguwa sai na bincika inda ta je. In ta aiko da tuwo in ce na ƙoshi.

Ita ce mai kai shi ganin likita. Wata rana ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Yaya, akwai wurin da ake kwantar da manya masu irin ciwonsa na wasu watanni, kuma an samu gado ɗaya. Amma sai sun tabbatar jinyar gida ta gagara, kuma sai babba a danginsa ya je ya yi bayani."

A raina na ce, an zo wurin, so take a kulle shi ta sake. Ga wani tsoron kuma: ina da 'yan mata biyu da suka tasa. A cikin gari, in masu binciken aure suka ji an taɓa kwantar da wani a irin wannan wuri, shi ke nan.

Ranar da za mu je na sa aka yi masa aski, na ba shi babbar rigata ta Juma'a, na fesa masa turare. A cikin adaidaita na ce masa, "Ka yi shiru, ni zan amsa." Da muka isa na ce wa matarsa ta jira a waje.

Ma'aikaciyar wata dattijuwa ce mai tabarau, da fom a gabanta.

"Malam, ya jikin nasa?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Haka muke amsawa ko da mutum yana kan gargara. Amma ita ba gaisuwa take yi ba, rubutawa take yi, kuma na san da haka.

"Yana samun barci?"

"Har da minshari, Hajiya."

"Magani fa?"

"Kullum." Alhali da idona na ga ƙwayoyin a bakin kwata.

"A danginku akwai wanda ya taɓa yin irin wannan ciwo?"

Nan na tsargu. Na ce, "Hajiya, wai ita wannan takardar ina ake kai ta?"

"Fayil ɗinsa, Malam. Ba ta fita ko'ina."

Ban yarda ba. Na ce babu, bayan baffanmu a ɗaure ya ƙare rayuwarsa a ɗakin baya.

Sai ta juya ga ƙanena. "Malam, kai ne mai jikin. Me ka ce?"

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. "Yadda Yaya ya ce."

Ta ajiye biro. "To, in haka ne bai cika sharaɗin kwanciya ba. A ci gaba da magani a gida. Akwai masu jiran gadon."

Da muka fito matarsa ta miƙe da sauri. "Yaya, sun karɓe shi?"

"Sun ce lafiyarsa ƙalau."

Ta gyara goyonta ta biyo mu. Ni kuwa har ina jin na yi dabara.

Ba a rufa wata ba, da hantsi aka kira ni daga Ƙofar Mata. Ƙanena ya faɗa cikin ramin rini da kansa, wai zai tsamo abin da aka binne masa. Da ƙyar abokan aikinsa suka ciro shi, ya sha ruwan baban rini, kafaɗarsa ta goce. Ina isa ya nuna ni a gaban jama'a ya ce, "Har da wannan! Shi ne ya sayo gubar!"

Mutane suka juyo suna kallona. A nan na gane cewa zargin ma ciwon ne, kuma na ɗanɗani abin da matarsa take sha kullum, a wurinsa da kuma a wurina.

Wata biyar muka yi muna jiran wani gadon. Ita ta yi jinyar, ita ta sha zagi da jifa da kwano. Da lokacin ya zo na faɗa wa dattijuwar nan komai, har zancen baffanmu. Ba ta yi min gori ba, rubutawa kawai ta yi. An kwantar da shi, ya samu lafiya. Yanzu yana wurin aikinsa, yana shan maganinsa.

Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Shi ciwo ne ya sa shi zargi, ni kuwa da hankalina na yi. Duk da haka sai da na ƙara shekara ban ba matarsa haƙuri ba, wai ni wan miji, girmana zai zube.

Wata la'asar na tarar da ita tana tankaɗe a tsakar gida. Na tsaya daga nesa na yi sallama. Ta yunƙura za ta durƙusa, na ce ta zauna.

Na ce, "Baiwar Allah, ranar nan ba cewa suka yi lafiyarsa ƙalau ba. Ni na yi musu ƙarya, don ina zarginki da abin da ba ki yi ba. Wahalar wata biyar ɗin nan ni na jawo miki, ni na jawo masa. Don girman Allah ki yafe min."