Wasan Rifkatu na Farko

Har gobe ba zan manta da ranar da muka kai wasan Rifkatu ƙauyensu ba. Lokacin ni ne mai ba da umarni a ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a nan Funtuwa, muna gwaji a wani tsohon siton auduga da aka ara mana. Ku da kuka zo daga baya ba ku tarar da shi ba, an rushe an yi shaguna.

Ƙungiyar ba ta neman riba ba ce, babu mai albashi a cikinmu. Akwai malaman makaranta, akwai teloli da manoma. Tsarinmu shi ne sabon shiga ya fara daga bayan labule, yana ɗaukar kaya yana kallon manya. Daga nan a ba shi 'yar ƙaramar fitowa. In ya nuna da gaske yake, bayan kaka sai a ce ya kawo wasan kansa. Ƙungiya ta ba shi 'yan wasa da sutura da wurin gwaji, wani babba ya tsaya masa.

Rifkatu daga wani ƙauye take a gefen Malumfashi, tana koyon ɗinki a wurin gwaggonta a nan gari. Da lokacinta ya zo, sai ta kawo labarin mahaifiyarta, Saratu, wadda ta rasu tun Rifkatu tana ƙarama. Wasa ne na mace a gonar auduga, babu barkwanci ko ɗaya.

Shugabanmu, Alhaji Sule, ya ja ni gefe. "Malam Kabiru, mutane sun sha wahalar damina, dariya suke so. Wa zai zauna kallon makoki?"

Na ce, "Alhaji, mu muka ce ta kawo nata. In muka gyara shi yadda muke so, ya zama namu."

Ya ce, "To, ka tsaya mata."

Matsalar da muka ci karo da ita waƙa ce. Saratu tana da waƙar da take yi in ana cirar auduga, ita ce tsakiyar wasan, amma farkonta kawai Rifkatu take tunawa. Ba ta iya tambayar mahaifinta, Baba Yohanna, don tun rasuwar bai ƙara ambaton sunan matarsa ba.

Hajiya Binta, ungozoma ce, ita ta fito a matsayin Saratu. Ta ce, "'Yata, bari mu ƙara baiti biyu na kanmu, ba wanda zai sani."

Rifkatu ta sunkuyar da kai. "Mama, ni zan sani."

Haka muka bar waƙar guntuwa. Gaskiya hankalina bai kwanta ba, don ba abin da mai ba da umarni yake tsoro kamar shiru a fili.

Ita ta roƙi a fara nunawa a ƙauyensu. Wata Asabar muka loda kaya a motar ɗaukar hatsi, bayan la'asar muka ɗaure labule tsakanin bishiyoyi biyu a filin firamare. Jama'a sun cika, Kirista da Musulmi, har da matan rugar da ke kusa. Baba Yohanna yana can baya, ya jingina da kekensa.

Hajiya Binta ta duƙa kamar tana cira, ta fara waƙar, ta kai inda muka sani, ta tsaya. Filin ya yi tsit. Na ɗaga hannu zan sa a shigo da fitowa ta gaba, sai na ji muryar wata tsohuwa daga cikin mata ta ɗauka daga daidai wurin. Wata ta amsa, wata ma ta amsa. Matan da suka yi cira tare da Saratu ne, suka kai waƙar har ƙarshe. Rifkatu tana kusa da ni a bayan labule, ta riƙe igiya da hannu biyu, hawaye na zuba, leɓenta na bin su.

Da aka tashi, Baba Yohanna ya turo kekensa har inda muke.

"Malam, ita ta haɗa wannan?"

"Ita ce, Baba."

Ya juya ga Rifkatu. "Ashe kina tuna ta."

"Kullum, Baba."

"To, yau ki kwana gida. Akwai sauran labarinta."

Muka dawo Funtuwa ba da ita ba.

Yanzu Rifkatu tana Jos da tata ƙungiyar, takan kira ni da salla. Hajiya Binta ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ƙauyukan nan kuwa mun daina zuwa tun da hanya ta lalace da tsoro. In na ga an fara loda auduga bayan kaka, sai in ji kamar in ce ku tattara kaya mu tafi.

Abin da na koya shi ne, sabon ɗan wasa ba gyara ya fi buƙata ba. Yana buƙatar wanda zai tsaya a bayansa ya yi haƙuri, ya bar shi ya faɗi abin da ya zo da shi. Duk ranar da wani yaro ya kawo muku wasan da kuke ganin bai cika ba, kada ku yi saurin cika masa. Ku kai shi gaban mutanensa tukuna.